Inna Mai Wanki da Rigar Lamba Ɗaya

A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi, in aka ce a lissafa manya ba wanda zai ambaci Inna. Sunanta ba ya jikin allon ma'aikata da ke ƙofar ofishin Shugaba. Tana can baya, bayan ɗakin ajiyar kayan wasanni, a wani ɗaki mai taga ɗaya da kwatamin wanki na siminti guda biyu da igiyar shanya da ta ratsa shi sau huɗu. Ita ke wanke rigunan 'yan ƙwallo. Ni ce golar makarantar a lokacin, kuma har yau akwai ƙawayena da ke cewa wannan tsohuwa ce ta tare mini hanyar arziki. Duk wadda ta faɗa a gabana sai mun yi, don ban iya jin wannan magana in yi shiru ba.

Guntuwa ce, kakkaura, hannuwanta sun yi fari-fari sun tsattsage saboda sabulu. Shekara goma sha takwas ta yi a ɗakin wankin wani asibiti, har aka kawo injuna aka ce ta je ta huta, ita kuwa ba ta ce wa kowa ta gaji ba. Daga nan ta zo wurinmu. Ba ta iya karatu ba, ko baƙi ɗaya, amma ta san lamba daga ɗaya zuwa ashirin da biyu, don iyakar rigunan ke nan. Ita da kanta ta kafa ƙusoshi ashirin da biyu a bango, kowace riga da ƙusarta, kuma kaiton wadda ta rataye tata a ƙusar wata.

Wanki shi ne karatunta. Ta ɗaga safa ta ce mai lamba bakwai tana ɗingishi tana ɓoyewa, don dunduniyar safar hagu ta fi cinyewa. Ta shinshina riga ta ce wance yau ba ta yi gudu ba, ruwan famfo ta yayyafa. Kullum maganarta ɗaya ce: “Baki ya yi ƙarya, tufa ba ta yi.” Shi ya sa Inna ba ta tambayar kowa lafiya. In ka gaishe ta za ta amsa, amma idonta na kan kwalar rigarka.

Sai kuma Koci, mai horar da mu. Ba mugun mutum ba ne, in faɗi gaskiya. Shi ma gola ne a zamaninsa, kuma ƙwallo ta karya masa ƙananan yatsu biyu na hannun dama, suka warke a lanƙwashe, ba sa miƙewa. To, shi yana da hanyarsa ta duba wadda ta bugu a ka. A kwara mata ruwan sanyi, ya durƙusa, ya ɗaga hannun dama ya ce, “Yatsu nawa?” Hannun da yatsu uku kaɗai ke miƙewa! Tun ranar da yarinya ta shiga ƙungiya manya ke raɗa mata: in kin faɗi, uku ne. Ko da ido a rufe uku ne. Mun mai da abin wasa, har a ɗakin cin abinci in aka tambayi wata ƙarfe nawa sai ta ce uku, mu fashe da dariya.

Ranar wata Talata muka buga wasan kusa da na ƙarshe na gasar makarantu. Abin da na sani shi ne an bugo kwana, na fito zan dunƙule ƙwallon. Sauran duk ba ni labari aka yi. Wai gwiwar wata doguwar 'yar gaba ce ta same ni a gefen kai, na kwanta kamar minti ɗaya ban motsa ba. Aka kwara ruwa, Koci ya ɗaga hannu, bakina ya ce uku ba tare da ya shawarce ni ba. Na tashi na ƙarasa wasan, har wai na kaɗe bugun fanareti. Aka ɗauko ni a kafaɗa ana ihu. Ni dai na farga ne a cikin bas, ina tambayar ta kusa da ni wa ya ci, ta ce wannan ne karo na huɗu da na tambaya.

Wasan ƙarshe ranar Asabar ne. Na ce a raina ko kan nan zai tsage sai na tsaya a raga.

Laraba da Alhamis na sha wuya, kuma na iya ɓoyewa. Hasken rana ya zame mini kamar ana soka mini tsinke a ido. Ƙararrawar makaranta in ta kaɗa sai na riƙe tebur. Rubutun allo ya riƙa rabuwa biyu. Nas ɗinmu kuwa, wadda ke tashi ƙarfe huɗu, na bi ta bayan ɗakinta don kada mu haɗu. Bayan atisayen Alhamis na shiga banɗaki na yi amai, na goge bakina da tawul, na ɗauraye shi sama-sama, na cusa a tsakiyar kwandon wanki. Sannan na je rataye rigata. Shekara uku ina rataye ta a ƙusa ta farko, wadda ke daf da ƙofa. Ranar na tsaya ina kallon bangon kamar baƙuwa, daga ƙarshe na rataye ta a ta goma sha ɗaya na fita.

Da safiyar Juma'a Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da ita tsaye, tawul ɗin a hannu.

“Sau nawa kika yi amai?”

“Wane amai, Inna? Ni lafiyata ƙalau.”

“Ban tambaye ki lafiya ba. Wannan tawul naki ne, ni na ɗinka masa jan zare a baki. Kuma jiya ina nan a kan idona kika nemi ƙusarki kika rasa.”

Na ce gajiya ce. Ta aje tawul ɗin ta zauna a bakin kwatami, abin da ban taɓa ganin ta yi ba a lokacin aiki. Ta ce lokacin da take asibiti an kawo wani saurayi, da ƙafarsa ya shigo, yana tsokanar masu shara. An buge shi a ka wurin wasa, ya ce ba komai, bayan kwana biyar aka sake bugunsa a wuri ɗaya.

“Ni na wanke zanen gadonsa, ni na ninke,” in ji ta. “Ba a sake shimfiɗa masa ba.”

Na ce Allah ya ji ƙansa, na juya na fita. Ta bi ni har fili, tawul a kafaɗa, ta tare Koci a gaban kowa. Ya saurare ta da ladabi, ya kira ni, ya ɗaga hannu. Na ce uku. Ya ce, “Kin gani, Inna? Yarinyar nan dutse ce. Ki bar mana wannan, ke dai a samu riguna da wuri gobe.” Ta je ɗakin nas, ta tarar an aike ta gari karɓo magunguna. Ta je ofishin Shugaba, aka ce ana taro. Ta dawo ɗakin wanki ta rufe ƙofa, muka ɗauka ta haƙura.

Dokar gasar ita ce kowace 'yar wasa ta sa lambar da ke jikin katinta mai hoto, alƙalin wasa ya duba kafin a shiga. Rigunan gola biyu ne kacal a makarantar: tawa, ruwan ɗorawa, mai lamba ɗaya, da ta mataimakiyata, wata siririya da muke kira Tsinke, mai lamba goma sha shida.

Ranar Asabar da hantsi, bas na jira, muka shiga karɓar riguna. Ashirin da ɗaya na rataye, a goge, a jere. Ƙusa ta farko wayam. Muna cikin dube-dube sai ga Inna ta fito daga bayan shanya. Rigata ce a jikinta. Ta sa ta a kan tufafinta, ta matse ta tam, lamba ɗaya ta baje a gadon bayanta, hannun rigar ya rufe mata yatsu har sai da ta naɗe. Wasu suka fara dariya, suka dubi fuskarta, suka haɗiye.

Koci ya ce, “Inna, don Allah. Ba lokacin wasa ba ne.”

“Wa ya ce maka wasa nake, ɗan nan? Ga riga nan. Mai so ya zo ya tuɓe ni.”

Aka ruga aka kira Shugaba. Ta zo da takalminta mai tsini, tana haki, ta ce baƙi na jira a fili, sunan makaranta ne a kan layi, kuma mai wanki ba likita ba ce.

“Gaskiyarki, ranki ya daɗe, ni ba likita ba ce. To a kai ta wurinsa. In ya ce ta tsaya a raga, da hannuna zan sa mata.”

“Kin san za ki iya rasa aikinki a kan wannan?”

“Na taɓa rasa wanda ya fi shi, ga ni ban mutu ba. Aiki ana samun wani. Kan yarinyar nan ɗaya ne.”

A nan ne na buɗe baki. Kaina na sarawa, idona ya rufe, na ce mata, “Ke me kika sani a duniya ban da dattin mutane? Tsohuwa da ke, ko sunanki ba ki iya rubutawa ba, za ki hana ni abin da na yi shekara uku ina nema?” Ko Koci sai da ya sunkuyar da kai. Wannan magana ita ce mafi muni da na taɓa faɗa wa mutum, kuma na faɗe ta da ƙarfi don kowa ya ji.

Inna ta miƙa hannu cikin kwando, ta ɗauko safa biyu da aka dunƙule wuri ɗaya, ta ja baya taku uku.

“Gola, ko? Cafke.”

Ta jefo a hankali, irin jifan da ake yi wa yaro mai koyon tafiya. Ni da ake cewa hannuna da ƙaro, ƙwallo ba ta kuɓuce mini. Na ga dunƙule biyu suna tahowa, na kai hannu ga na dama, safar ta bugi ƙirjina ta faɗi ƙasa. Na sunkuya zan ɗauka, ƙasa ta juya, sai ji na yi Tsinke ta riƙe ni.

Koci ya dubi hannunsa na dama, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya sa shi a aljihu. Ya ce wa Tsinke ta sa safar hannu. Bas ta tafi da su, ni kuma aka sa ni a motar Shugaba, Inna a gefena, cikin rigar gola, har ɗakin likita.

Likitan ya haska mini ido, ya sa ni tafiya a kan layi, ya ba ni kalmomi biyar in riƙe, na dawo masa da biyu. Aka ɗauki hoton kai, aka ce babu jini, mu gode Allah. Ya ce ƙwaƙwalwa ce ta girgiza a cikin ƙoƙon kai, kuma abin da ake tsoro shi ne a sake bugunta kafin ta huce. Ya tsara yadda za a bi: hutu na kwana biyu, sannan a riƙa ƙara aiki kaɗan-kaɗan, in ciwon kai ya dawo a koma baya. Raga kuwa sai ya sa hannu a takarda. Inna ta sa shi ya maimaita sau biyu, tana ƙirgawa da yatsu.

Aka ci mu biyu da ɗaya. 'Yan ƙungiya suka daina gaishe da Inna, wasu har da jefa riguna a ƙasa maimakon ƙusa. Shugaba ta aiko mata da takardar gargaɗi. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ninke ta huɗu ta toshe tagar da ke kaɗawa in ana iska.

Gidanmu tafiyar yini guda ce a mota, likita ya ce a bar ni inda nake. Ɗakin kwananmu kuwa mu arba'in ne, hayaniya kamar kasuwa. Sai Inna ta shimfiɗa mini katifa a lungun ɗakin wanki, nan nake yini. Ta rataye bargo a taga. Ta ɗaure bakin famfo da tsumma don kada ɗigarsa ta dame ni. Ta daina buga wanki a kan siminti, ta koma murzawa da hannu, aikin awa biyu ya zama na huɗu. Duk wannan ina gani, kuma ban ce mata sannu ba. Na juya mata baya, na yi gum, ina fatan ta tambaye ni yaya jiki in samu abin faɗa. Ba ta tambaya ba. Kwanon abincina take dubawa, da yadda nake runtse ido in an buɗe ƙofa.

Kwana biyu na cika ta yaye bargon rabi ta tashe ni. “Likita bai ce ki zama gawa ba. Zo ki haɗa mini safa.” Minti goma, ta karɓe kwandon. Washegari tafiya zuwa bishiyar bakin fili da dawowa. Sai aji, darasi ɗaya, daga baya biyu. Ranar da na saci littafin labari na karanta har kaina ya ɗauki zafi, ba ta yi faɗa ba, ta dai mai da ni kan haɗa safa kwana biyu, littafin kuma ya koma ƙarƙashin kwandon da take zama a kai. Kowace safiya ta jefo mini dunƙulen safa. Mako na farko ina kuskurewa, na biyu ina kamawa da hannu biyu, na huɗu da hannu ɗaya ina kallon wani wuri.

Rigar kuwa ba ta cire ba. Da ita take zuwa aiki, da ita take komawa gida, ta wanke ta can ta dawo da ita. Masu gadi suka sa mata suna Lamba Ɗaya, tana amsawa. Koci da kansa ya ce mini, “Ni na fita daga wannan magana. Ranar da na gan ki da rigar a jikinki, na san Inna ta yarda, in sa ki.”

A mako na biyar labari ya zo cewa masu zaɓen 'yan wasan babbar ƙungiya za su zo makarantarmu ranar Asabar, kuma gola suke nema. Shekarata ta ƙarshe ce, ba za su sake samuna a nan ba. Ranar Juma'a nas ta raka ni wurin likita. Ya sa ni gudu a tsaye, ya tambaye ni, na ce ba komai, ya ce to me ya sa nake dafe goshi. Ya rubuta cewa in ci gaba da gudu da atisaye mara karo, amma raga sai bayan mako biyu. Nas ta sauke ni a bakin ƙofar makaranta ta wuce gida, sai Litinin. Takardar na hannuna, kuma daga ƙofa zuwa ɗakin wanki na gama shirya abin da zan yi.

Na tarar da Inna hannu cikin kumfa. Na miƙa mata takardar. Ta goge hannu, ta karɓa, ta juya ta sama da ƙasa, ta shafa hatimin da babban yatsa, ta miƙo mini.

“Karanta mini, 'yar nan.”

Na kafa ido a kan takardar, na ce, “Ya ce na warke. Ya ce in koma raga.”

Na jira ta dubi kwalar rigata, ko ta ce a kira mai gadi ya sake karantawa. Ba ta yi ko ɗaya ba. Matar da ba ta taɓa yarda da bakin kowa ba ta ce, “Alhamdu lillahi,” ta kama gindin rigar ta fara cirewa. Rigar ta matse ta, ta maƙale a ɗankwalinta, hannuwanta a sama, fuskarta a ciki. Ina kallon tsagar da ke yatsunta, wadda ta ƙaru tun da ta daina buga wanki saboda ni. Daga cikin rigar na ji muryarta tana dariya, tana cewa, “Kai, na huta! Wallahi rigar nan zafi gare ta. Ja mini, kada masu zaɓen su zo su tarar da ni a haka su ɗauke ni.”

Na kama rigar. Na ja ta ƙasa, na mayar mata da ita jiki.

Fuskarta ta fito, ɗankwali a karkace, tana kallona.

“Ƙarya na yi, Inna. Saura mako biyu. Haka ya rubuta.” Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka ci mu. “Ki yafe mini. Da wannan, da wancan da na faɗa.”

Ta gyara ɗankwali, ta sake naɗe hannun rigar har gwiwar hannu.

“Gobe za su zo?”

“Gobe.”

“Kuma ba za su dawo ba.”

“Ba za su dawo ba.”

Ta gyaɗa kai. Ta karɓi takardar daga hannuna, ta ɗaga ta sama kamar mai duba ko tabo ya fita, sannan ta je ta soke ta a ƙusa ta farko, wadda ke daf da ƙofa.

“To bar kukan haka, zai tayar miki da ciwon kai,” in ji ta. “Ɗauko rigar Tsinke ki goge mata. Ki goge da kyau, gobe mutane za su kalle ta.”